Ka Ci Zomo, Ba Ka Ci Gudu Ba

Ƙanena, na so a ce a zaure muka yi wannan maganar, daga ni sai kai, kamar yadda aka saba a gidanmu. To amma abin da ka yi ba a zaure ka yi shi ba. A bencin mai shayin bakin layinmu ka yi shi, nan Ƙofar Ruwa, bayan isha'i, mutum kusan goma suna jin ka. Don haka ni ma a fili zan ba ka amsa. Sunanka kaɗai zan sakaya, albarkacin Hajiya.

Ka ɗaga kofin shayi, ka ce The Rise of the Golden Idol shirme ne, ko ƙafar na farko bai kama ba. Ka ce masu shi sun ga kuɗi sun sangarce, kai dare biyu kacal ka yi ka ga ƙarshensa. Da yaron shagonmu ya yi ƙarfin hali ya ce shi kam akwai inda ya maƙale kwana uku, sai ka yi dariya, ka faɗa masa wanda ya yi aika-aikar, ka faɗa masa dalili, ka zarce har ƙarshen labarin gaba ɗaya, inda ko kusa bai kai ba. Ka kurɓi shayinka. Kowa ya yi shiru, kai kuma ka ɗauka burge su ka yi.

Bari in ɗan yi wa waɗanda ba su san gem ɗin ba bayani, don kada su zaci rigimar PES ce irin ta gidan gem. Wasu 'yan'uwa biyu ne, Andrejs da Ernests Klavins, mutanen Latbiya, ƙasar da jama'arta duka ba su cika miliyan 2 ba, wato ba su kai mutanen birnin Kano ba. Sunan ɗan kamfaninsu Color Gray Games. A watan Oktoban 2022 suka fitar da The Case of the Golden Idol. Babu gudu a ciki, babu harbi, babu ƙwallo. Hoto ake ba ka a tsaye cak, kamar an kama lokaci an ɗaure daidai sa'ad da rai ya fita. Ga gawa, ga mutane tsaitsaye, kowa da irin fuskar da ya yi. Kai kuma sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana laluben aljihu: wannan wasiƙa ce, wancan mabuɗi, wancan 'yan kuɗi da takardar yarjejeniya. Kana tsintar kalmomi, sunaye da wurare da ayyuka, suna taruwa a gefe. Daga nan a miƙo maka takarda mai gurabe, a ce cike: wane ne ya kashe wane, da me, a ina, a kan me. Babu mai gaya maka ko sunan mutum ɗaya. Da kanka za ka gane cewa mai jar rigar nan shi ne wanda aka rubuta wa wasiƙar, tunda harafin farkon sunansa ne a jikin wani abu da ke aljihunsa. Kes na farko a 1742 yake, mutum biyu a kan dutse a wani tsibiri, ɗaya ya hankaɗa ɗaya. In ka cike takardar kuskurenka bai wuce biyu ba, gem ɗin zai ce maka ka kusa. In ya wuce, sai dai ya ce ba daidai ba, ya bar ka da halinka.

Kada wani malami ya ji an ce Golden Idol, wato gunkin zinare, ya fara gyara zama. Ba a ce kowa ya durƙusa wa komai ba. Abu ne da ake kashe juna a kansa daga kaka zuwa jika, kamar gonar gado da ta shiga tsakanin 'yan uba.

Na biyun, wanda ka yanke wa hukunci, ya fito ranar 12 ga Nuwamban 2024. Kes 20 ne, an tsallako da labarin daga ƙarni na 18 zuwa shekarun 1970, zamanin mota da talabijin da manyan kamfanoni. Netflix ta sa shi a waya, ta nan ma ya iso layinmu, inda mutum biyar ke karo-karo a kan asusu ɗaya.

To, tunda gem ɗin bincike muke magana, bari in gwada abin da na koya a kanka.

Ni sati uku na yi kafin in gama shi, kuma ba na jin ka fi ni Turanci, tunda ni nake duba maka takardun kaya in an aiko daga Legas. Kai ka ce dare biyu. Na ce to, wataƙila Allah ya buɗa maka ƙwaƙwalwa ban sani ba. Da aka watse muna tafiya gida na tambaye ka wani kes da ke tsakiyar wasan, na ce yaya aka yi ka gane wancan mutumin ne ba abokinsa ba. Ka ce ai a bayyane yake. Na ce me ya bayyana shi. Ka ce kawai dai ana gani. Duk wanda ya sha wuyar wannan kes ɗin, ko cikin barci ka tashe shi zai gaya maka ɗan abin da ya tona asirin, saboda ranar da ya gano shi sai da ya buga cinya. Kai ka san amsa, ba ka san hanya ba. Washegari ka miƙo mini wayarka da hannunka, ka ce in duba wani bidiyon injin Golf da kake son mu yi oda. Ban yi maka bincike ba, jerin abin da ka kalla ne ya fito da kansa. Bidiyo a jere, wani Bature yana cike gurabe, kes bayan kes, tun daga babi na biyu har ƙarshe.

Satar amsa ka yi, malam. Ka ajiye waya ɗaya tana nuna maka, kana kwafa a ɗaya. Hatta gem ɗin yana da wurin neman taimako, kuma kafin ya ba ka sai ya ja maka kunne cewa gara ka ƙara tunani. Ko wannan ba ka tsaya bi ta kansa ba.

Da a nan ka tsaya, ba ruwana. Datarka ce, darenka ne. Wanda ya sayi rake ya ba wani ya shanye masa ruwan, ya karɓi ɓawon yana tauna, kansa ya cuta. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ka tashi daga nan ka hau kujerar alƙali. Ka ce wasan ya yi sauƙi. To da fa? Wace jarrabawa ce take da wuya ga wanda takardar amsa ke kan cinyarsa? Ka ce labarin a warwatse yake, ba a gane kansa. Ai dole. A ƙarshen kowane babi akwai wata babbar takarda da ake so ka cike, wadda ke haɗa kes-kes ɗin babin wuri guda, sai ka koma baya ka ga ashe mutumin da ka wuce a wancan hoton ba ka kula shi ba, shi ne wannan da ya canja kaya. Wannan komawa bayan ita ce labarin. Kai ba ka karanta wasiƙa ko ɗaya ba, ba ka riƙe fuskar kowa ba, sannan kana mamakin yadda ba ka gane kowa ba. Je ka kotun Ƙofar Kudu ka tsaya gaban alƙali a matsayin shaida, a ce me ka gani, ka ce ban gani ba amma wani ya ba ni labari a YouTube, ka ga yadda za a yi da kai.

Kuma abin kunya, a Ƙofar Ruwa ka tashi. Duk Arewa an san kasuwar nan da kayan mota da rodi da kayan gini, daga Katsina da Damagaram da Maraɗi ake zuwa neman abin da ya gagara samuwa. Da me muke cin abinci in ba da gane abu daga ɗan guntun alama ba? Mutum zai zo da samfur a leda, baƙi ƙirin da mai, rabinsa ya cinye, lambar jikinsa ta goge, shi kansa bai san sunan abin ba, ya ce bakanike ne ya aiko shi. Ka juya shi a hannu, ka ƙirga haƙora, ka duba inda ya fi cinyewa, ka ce wannan na Corolla ne, kuma ba shi kaɗai ya mutu ba, ka ce wa bakanikenka ya duba boris. Ka tuna tsohon bakaniken nan da Baba ke kai mu wurinsa muna yara, wanda ke ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya manna kunne a ƙotar, ya lumshe ido? Mai mota na ta zuba, wai jiya wani ya ce masa kafireto ne, wani ya ce filogi. Tsohon ba ya tanka masa. Sai ya matsar da sukundireban gaba kaɗan, ya sake saurare, ya ce a ƙara wuta, ya ce a sassauta. Wani lokaci ya fi minti goma a haka kafin ya buɗe baki, in kuwa ya buɗe, an gama. Ban taɓa jin ya ce mota kaza ba ta da kyau alhali bai buɗe bonet ɗinta ba. Wannan gem ɗin sana'ar tsohon nan ce aka mayar wasa, shi ya sa ya kama mu tun farko, mu da ko labarin Turawan ƙarni na 18 bai dame mu ba. Kai da aka haifa a cikin sana'ar, kai ne ka zama mai motar da ke zuba.

Yanzu sauran ƙorafinka. Ka ce an canja zane, fuskokin sun yi muni. Na farkon ma ai ba kyau aka zana su ba, da gangan aka yi su da ƙatuwar haɓa da zazzaren ido, don ka riƙe kowa a ka. An bar zanen ɗigo-ɗigo irin na tsofaffin gem an koma mai kama da fenti, shi ke nan, munin yana nan inda yake. Ka ce yanzu kalmomi da kansu suke taruwa, ba sai ka bi ka tsince ba, wai an mayar da mu yara. Tsakani da Allah, tsintar kalma ita ce binciken? A na farko sau nawa muka gane komai sarai, muka zauna neman kalma ɗaya da yatsa bai taɓa ba, kamar mai neman allura a yashi? An ɗauke mana sharar shago an bar mana ciniki, kai kana kukan tsintsiya. Ka ce wasu kes ɗin ma babu gawa. Wannan gaskiya ne, kuma na ji wasu da suka buga da gaske suna faɗin haka. Ni dai ina ganin sa'ad da babu gawa tambayar ta fi wuya, don gawa takan nuna maka inda za ka fara, in kuwa babu ita sai ka fara gano ma mene ne ya faru kafin ka nemi wanda ya yi. Amma wannan muhawara ce tsakanin waɗanda suka yi gumi. Da su zan yi ta.

Na san inda ciwonka yake, don tare muka taso. Criminal Case ne ya raine ka. Wani kamfanin Faransa, Pretty Simple, ya sa shi a Facebook a ƙarshen 2012, daga baya Facebook ta ce shi ne gwarzon gem ɗinta na 2013. Ka tuna yadda kake ɓata kuɗin makaranta a kafe, kana neman laima da takalmi a cikin tarkacen hoto, ƙarfinka ya ƙare, ka bi mutane kana roƙon a turo maka lemo? Mun ji daɗinsa, ban musa ba. Amma a can ba kai kake gano mai kisa ba. Ɗakin gwaji ne zai ce maka mai laifin yana shan abu kaza, yana sanye da kaza, yana da tabo a wuri kaza, kai aikinka ka duba wanda alamomin suka cika a kansa ka danna. Da aka gama garin Grimsborough aka koma Pacific Bay, sabon gari, sababbin abokan aiki, amma tuwon jiya ne aka ɗumama. Ka cinye, ka sake miƙa kwano, aka yi ta ɗumama maka shekara da shekaru. A nan ka koyi cewa na biyu shi ne na farko da sabuwar riga. Shi ya sa da aka ba ka na biyun da ya ce tashi ka sake koyon tafiya, ka ji haushi, ka nemi mai goya ka.

Halin kuma ba naka ba ne kai kaɗai, na gari ne. Tun zamanin kaset, da an rubuta mu haɗu a kashi na biyu, an riga an yanke cewa na biyun cuta ne. Littattafan da yayyenmu mata ke haya, na ɗaya da na biyu da na uku, haka. Duk sanda Aminu Saira ya saki sabon zangon Labarina, kafin a yi sallar asuba ka ji masu cewa an lalata shi, a cikinsu har da wanda guntun minti biyu ya gani a TikTok. Wani lokaci suna da gaskiya, akwai na biyun da neman kuɗi ne zalla. Sai dai faɗin haka ba ya buƙatar ka kalla, shi ya sa ya yi araha. Cewa na farko ya fi, hanya ce ta gaya wa mutane cewa kai tsohon hannu ne, ka riga su sani. Ba gem ɗin kake aunawa ba a bencin nan, kanka kake tallatawa.

Kuma da ka buga shi da hannunka, da ka samo aibinsa na gaskiya, don yana da shi. A waya, akwatunan rubutun nan da ake buɗewa suna hawa kan juna, su rufe maka hoton da kake son dubawa, mai kaurin yatsa irina sai ya ja kalma ta faɗa gurbin da ba nata ba. Akwai kes ɗaya ko biyu da na gane abin da ya faru tsaf, amma jimlar da suke so in gina ta ƙi zama, na yi ta sauya kalmomi biyu masu kusan ma'ana ɗaya har na ƙosa. Mutanen labarin kuma sun yi yawa, ba kamar na farko da ke bin zuri'a ɗaya ba, in ka yi kwana huɗu ba ka buɗe ba sai ka dawo kana tambayar wannan kuma ɗan wane ne. Da ɗaya daga cikin waɗannan ka kawo, da na ce a ƙara maka shayi da ƙwai, ni zan biya. Ba ka kawo ba, don Baturen da ka kwafa bai nuna maka inda ya sha wuya ba, ya yanke wurin.

Saura maganar yaron, ita ce ma ta sa na ɗauki biro.

Ka san a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya. Gem ɗin nan babu shi da Hausa, Turanci ne, wani wurin ma Turancin manya. Da tsohuwar wayata yake bugawa, wadda gilashinta ya tsage, sai an tashi kasuwa ya rufe shago ya share gaba. Na taɓa leƙa shi ban yi magana ba. Ya yage kwalin filogi ya baje bayansa a kan benci, ya rubuta sunayen mutanen kes ɗin a jere da biro, gaban kowane suna ya yi 'yar alama: wannan mai gilashi, wannan mai gemu, wannan ta yi ƙarya a kan lokaci. Kalmar da ta gagare shi sai ya duba ƙamus a wayar, ya rubuta Hausarta ƙanana a gefe. Ya ja kibiya daga wani suna zuwa wani, ya soke, ya sake ja. A rana ta uku ya zo mini da murna, ya ce Yaya, gem ɗin ya ce saura biyu ko ƙasa da haka. Na ga inda kuskurensa yake, harshena ya yi ƙaiƙayi, na danne, na ce koma ka sake karanta takardar da ke aljihun wancan. Da ka bar shi, a daren nan ko washegari zai gano, kuma da ya ji abin da ban iya kwatanta maka ba tunda ba ka taɓa ji ba.

Wannan ka ƙwace masa, a kan kofin shayi. Fim in an ba ka labarinsa, ko banza ka kalli rawa da waƙa. Gem ɗin bincike sau ɗaya ake buga shi a rayuwa, don ba a mayar da sani ciki. Ba za ka iya biyansa ba ko da kuɗi. Kuma ka yi masa a gaban mutane, da dariya, yadda zai ji cewa kwana ukun da ya yi daƙiƙanci ne, tunda ga wani ya gama duka a dare biyu. Ya tafi gida yana ganin ka fi shi kai, alhali duk bencin nan babu wanda ya yi aikin da ya yi. Yaron da ke koyon gane samfur, wanda muke fata wata rana mu bar masa shago mu je Legas hankali kwance, ka koya masa cewa mai haƙurin bin diddigi shi ne wawa.

Ga abin da nake so. Ka same shi, ba a bencin mai shayi ba, a shago, ka gaya masa da bakinka cewa kwafa ka yi. Ba sai ka yi doguwar magana ba. Sannan ka goge abin da ka yi a gem ɗin ka faro daga babi na biyu, ka ajiye ɗaya wayar a gida. Na san ka riga ka ga amsoshin, amma yadda ka kwafe su ba karatu, na tabbata rabi sun zube, Allah ya rufa maka asiri ta nan. In ka kai ƙarshe ka dawo ka ce mini har yanzu na farko ya fi, zan zauna in saurare ka har mai shayi ya kwashe kayansa, wataƙila ma mu yi canjaras, don ni kaina ban gama yanke wanda na fi so ba.

Shi kuwa yaron, tun ranar bai sake buɗe gem ɗin ba. Kwalin yana nan ƙarƙashin kanta, jiya na ga an ɗora galan ɗin baƙin mai a kai. Na ce masa ranar Juma'a bayan an sauko ya zo gida, akwai The Spider of Lanka a kwamfutata, ƙarin kes ɗin da suka yi wa na farko a 2023. Na zaɓe shi ne don na san ba ka buga ba. Kada ka neme shi a YouTube, kuma ranar kada ka zo.